Sunan Kawu Labbo a Jerin Waɗanda Za a Cire

Kaura Namoda,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Safiya da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan, ya sa albarka a zamanku na Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta warware daga zazzaɓin, har ta koma surfe da kanta duk da an hana ta. Gero ya yi kyau a Banga bana, amma gonar nesa babu wanda ya taka ta, ka san dalili. Na rubuto ne na ba Hamisu direba, don layin waya yankewa yake yi, maganar kuma ba ta tsaitsaye ba ce.

Wata biyar ke nan da aka ba ni riƙon shugabancin kwalejinmu, har ka aiko da barka. Yaya, tun daga ranar ban huta ba. Sabuwar hukumar gudanarwa ta zo da gyare-gyare, kuma tsakani da Allah ana buƙatar su. Masu tantance kwasa-kwasai za su zo bayan Sallah, sun kuma ce duk malamin da ba shi da digiri na biyu a fitar da shi daga aji. In ba a yi ba, za su janye amincewarsu, satifiket ɗin ɗalibanmu ya zama takardar banza. Yawancin ɗaliban nan malaman firamare ne daga Sakajiki da Zurmi da Shinkafi, masu zuwa Asabar da Lahadi a kan babur, suna sayar da rai a hanya. Malamai bakwai abin ya shafa. Na uku a jerin shi ne Kawu Labbo.

Ba sai na tuna maka ba cewa shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, kuma shi ya kai ni kwalejin nan da kansa ya tsaya har aka yi mini rajista. Shekara ashirin da shida yana koyar da lissafi a can. Na je wurin shugaban hukumar na roƙi a ɗaga masa ƙafa na shekara guda. Ya saurare ni sarai, sannan ya tambaye ni abin da zan faɗa wa sauran shidan in na fara da ɗan'uwan mahaifiyata. Na tashi na yi masa sallama. Na dawo na rubuta takardar ajiye muƙamin, sai rajistara, Malam Abdulhamid, ya rufe ƙofa ya shaida mini cewa wanda zai gaje ni ya riga ya faɗa a taro cewa karatun Asabar da Lahadi zai fara rufewa, wai ɓata sunan makaranta yake yi. Takardar tana nan cikin jakata, ban miƙa ba, ban kuma yaga ba.

Abin da ya fi ci mini rai, masu digirin da muka nemo daga Gusau mutum biyu ne suka zo, ɗaya ya ga hanya sau ɗaya bai sake dawowa ba. Wato zan cire wanda ke zuwa kullum, in jira wanda ba lallai ya zo ba. Inna kuwa, in na shiga gaishe ta, sai ta amsa tana kallon tabarma.

Ranar Alhamis na sa hannu a jerin waɗanda za a cire. Washegari da safe Kawu ya zo ofis. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, na nuna masa kujera ya ƙi zama. Ya ajiye mini littattafansa na darasi guda tara, duk rubutun hannunsa, ya ce a ba wanda zai karɓi ajin, ya naɗe shafin da 'yan shekarar ƙarshe suka tsaya don kada a maimaita musu. Ya ce bai riƙe ni da komai ba, aiki ne. Da zai fita ya ɗan rusuna ya ce mini ranki ya daɗe. Yaya, mutumin da tun ina rarrafe bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta.

Don Allah ka rubuto masa, kuma ka yi ƙoƙari ka zo da Sallah. Ba so nake ka wanke ni a wurinsa ba. So nake in na je gaishe shi, ya kasance akwai wanda zan bi bayansa in shiga.

Ka gaishe mini da Anti Safiya, da Hafizu da Salma, ka ce su dage da karatu. Inna tana sa muku albarka, maigidana Sirajo da yara suna gaishe ku. A taya ni da addu'a.

Wassalam,
ƙanwarka,
Kulsumu.