Kujerar Don Nazario ta Ranar Alhamis

Ni Herminia Cojulún, uwarku, da hankalina garau nake rubuta wannan. Ƙafafuna ne suka gaji, bakina kuwa kun san shi. Jiya Fada, limamin cocinmu, ya shafa mini man masu shirin barin duniya, kuma wallahi tun lokacin zuciyata fes take, kamar yarinyar da aka yi wa ɗinkin biki. Zan je in tarar da ubanku, ga labarai fal cikina. Kada wanda ya ɓata mini tafiya da koke-koke.

Na ɗaya: gidan nan naku ne ku biyu, Ofelia da Baudilio. Ba a sayarwa. Babbar tukunyar tamal, ƙullun masarar nan da muke dafawa a ganye, ta Chabela maƙwabciya ce, a mayar mata kafin ta fara zagina a kasuwa.

Na biyu: allon nan. Kun tuna abin da ubanku ya rubuta a ƙofar ɗakin baya: ana maganin damuwa da ciwon rai. Shekara da shekaru mutanen coci suna shigowa, in zuba musu kofi, in tura musu kwandon masara. Mutanenmu ba sa magana ido cikin ido, sai hannu na ɓare masara bakin ke buɗewa. In sun gama mu ja carbi tare. Da hukumar masu lasisi ta ce kalmar magani ta wanda ya yi karatun ce, Ofelia, ke kika cire allon da hannunki. Kai kuma Baudilio, katikis guda mai koyar da addini a coci, tun ranar ba ka ƙara cin abincin gidan ƙanwarka ba. Kai dai akwai taurin kan ubanka. Ofelia ta yi daidai. Ni mai sauraro ce, ban taɓa zama likita ba. Amma ke ma, likitar ƙwaƙwalwa, kada takardarki ta kumbura miki kai: da yawansu ba za su taka ofishinki ba, don suna ganin wurin mahaukata ne. Allon a faskare shi a dafa tamal ɗin zaman makokina, ku ci a faranti ɗaya.

Na uku, shi ne gadon gaske: Don Nazario mai gyaran takalma. Tun rasuwar matarsa yake zuwa duk Alhamis. Kwanan baya ya bar barci, ya rarraba kayan aikinsa, yana faɗin wai ta daɗe tana jiransa. Na tsorata ƙwarai. Wannan ya fi ƙarfin kofina da carbina, na kuma faɗa masa haka ba ɓoye-ɓoye. To ku ji abin da ya sa nake ta murna: makon jiya ya yarda zai zauna da Ofelia, ya kuma ce in gaya muku. Sharaɗinsa, a ɗakin baya, ga masara, kuma Baudilio ya buɗe da addu'a kafin ya fita ya ba su wuri. Kun gani? Abin da na kasa da roƙo, tsohon nan ya ɗaure ku da shi. Na yi dariya har haƙarƙarina ya amsa.

Ofelia, rataye lasisinki kusa da hoton Budurwa Maryamu, bangon zai ɗauke su duka. Baudilio, naka addu'a, kada ka sa baki a maganin da ta ce a sha.

Ubangiji Yesu ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya haɗa kanku kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa. Ku riƙe juna.

In kuma binne ni ya faɗo ranar Alhamis, a jinkirta. Ku fara buɗe wa Don Nazario ƙofa. Ni ba inda zan gudu, zan jira.