Lambar Ta Biyo Ni Moss Side

Moss Side, Manchester
Juma'a, watan Mayu, 2007

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, Suweiba 'yar Alhaji Abdul-Shakur, wadda Birmingham take riƙe mini amana,

Amincin Allah ya lulluɓe ki, ya tauraruwar asubahina. Albishirinki! Na san za ki ce goro, to nemi wuri ki zauna tukuna. Ni ma a kan kwali nake zaune, don ban gama kwance kaya ba.

Kin tuna ranar da na zo gidanku a Small Heath gaida Baba, ke kina laɓe a bayan ƙofar kicin kina ta wanke kofi ɗaya? Na miƙa masa lambar wayar hannuna, ya ture ta gefe. Ya ce mutumin da wayarsa ke aljihu yau yana nan, gobe sai labari, shi ta gida yake so, wadda aka ɗaure da bango. Na faɗa masa, ya yi ta maimaitawa har ya haddace. Ya ce zai shawarci 'yan'uwansa na Kumasi, in sun gama shi da kansa zai kira, kafin nan kuma mu dakatar da waya tsakaninmu. Wayyo ni! Mu da kullum bayan magariba muke hira, mu kashe kafin awa ta cika don kada kamfani ya fara cajin kuɗi, mu sake bugawa, ki ce mini "ina muka tsaya?" da muryar nan taki mai kwantar da tashin hankali. Tun ranar rabona da jin ki, kuma na yi biyayya, amma Allah ya sani na ji jiki.

Kin san flat ɗina na Hulme, in na miƙe ƙafa sai ta taɓo firij. Ina zan kai amarya a nan? Na shiga neman gida, na samu wani a Rusholme mai faffaɗan kicin da taga mai kallon rana, har na hango ki a ciki kina tuƙa tuwo kina yi mini tsiya. Na kira kamfanin waya da murnata, sai suka ce wai can wani exchange ne daban, wato wata cibiyar layukan waya, lambata ba za ta tsallaka ba, sai dai sabuwa. Sabuwa? Alhali tsohuwar tana cikin kan Baba? Nan take na mayar da makulli. Kawu Habu, ƙanen mahaifiyata da ke nan Manchester, ya yi dariya har da hawaye, ya ce in aika wa dattijon sabuwar lamba mana. Ta yaya, fisabilillahi? Da wane ido mai neman aure zai kira suruki kamar yana tuna masa alkawari? Kuma in ce masa me, lambar da na ba ka ta tashi? Ai na gaskata zarginsa ke nan da bakina.

Sai na kama wannan na Moss Side, inda suka ce lambar za ta bi ni. Kicin ɗinsa ƙarami ne, ki yafe mini, zuma ta.

Ashe da sauran aiki. Da na tashi sauya kamfanin broadband, mai ba ni intanet ta layin wayar, tsohon ya saki layin, sabon bai kama ba, wayata ta mutu murus. Wannan ya ce laifin wancan ne, wancan ya ce sai an kawo wani code, wata lambar sauya kamfani, suka yi ta jera mini kiɗa a kunne har na iya shi da ka. Fiye da mako ina buga lambata da wayar hannu daga ofis, wata Baturiya tana sanar da ni cikin ladabi cewa ba a san wannan lamba ba. Suweiba, na tsorata. In Baba ya buga ya ji wannan fa? In ya ajiye ya ce ai dama na faɗa? Abinci ya fita raina, na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Ke kaɗai nake gani a tagar bas, tun daga Princess Road har cikin gari.

Yau na dawo daga masallaci na tarar da injiniyansu a bakin ƙofa. Ya shiga ya yi ta taɓe-taɓe a jikin bango, ya jona wayar, ya ce in saurara. Wannan ƙugin da ban taɓa kulawa da shi ba, wallahi yau ya fi mini kukan kanari daɗi! Yana cikin haɗa kayansa sai ta ɗau ƙara. Na ɗaga, na ji sallama da muryar da ba zan taɓa ɓatarwa ba. Ban san sa'ad da na tuɓe takalmi na durƙusa a kan kafet ba, Baturen nan ya tsaya da jaka a hannu yana tambaya ko lafiya nake.

Baba ya ce ya buga ranar Talata bai samu ba, ya sake Laraba, ya yi niyyar na yau shi ne na ƙarshe.

"Ashe kana nan," in ji shi.

Na ce, "Ina nan, Baba."

Ya ce, "To, ka turo manyanka."

Ya farin watana, ya inuwar da nake nema tun da na san rana! Wa ya kai ni sa'a a duk faɗin Ingila? Na rungume injiniyan, na tilasta masa shan shayi, ya tafi yana waiwayena. Kawu Habu ya riga ya aika babbar rigarsa wajen guga, Asabar mai zuwa suna hanya da goro da alewa.

Baba bai ce an buɗe mana waya ba, ni kuma ban yi gigin tambaya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ki ƙara haƙuri kaɗan, abar ƙaunata. Na yi miki alkawari da zuciya ɗaya: duk ranar da kika neme ni, da daɗi ko da wuya, da ƙuruciya ko da furfura, amsar da na ba Baba ita za ki samu.

Naki, yau da gobe har ƙarshen numfashi,
Maharazu