Shanya a Ɗakin Kwana

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki. Direban da ke kai miki saƙona ya shaida mini an sallamo jikana daga asibiti jiya. Alhamdulillahi. Kwana biyar ɗin nan ko abinci ban iya ci ba, sai yau na ji yunwa.

Amma godiya ba za ta hana ni faɗa ba. Sau uku ke nan ƙirjin yaron nan yana shaƙewa a damina ɗaya, kuma bai kai shekara biyu ba. Wannan sakaci ne. Ko kina masa wanka da ruwan sanyi, ko kina barin sa ƙarƙashin fanka, ko hankalinki ya tafi wajen aiki. Na raine ku ku bakwai, ba wanda ya taɓa kwana a gadon asibiti. Ki zauna ki binciki kanki, ki rubuto mini abin da likita ya ce, kalma da kalma. Kada ki kira ni, maganar waya iska ce ke kwashe ta. Takarda ake ajiyewa.

Ki shafa mini kan angon nawa, ki ce amaryarsa ta ce ya daina ba ta tsoro.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da ladabi, ina fatan tarin naki ya yi sauƙi. Angonki ya warware, har ya koma jan mayafina.

Kin ce kalma da kalma, to ga shi. Likita ta tambaye ni wanka, ta tambaye ni fanka, duk ta ce ba nan take ba. Sai ta ce, "A ina kike shanya?" Na ce a ƙarfen shanya mai naɗewa. "A ina kike buɗe shi?" Na ce a ɗakin kwana, gefen gadon yaro. "Taga fa?" Na ce a rufe. Ta ajiye biro ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, ruwan da ke fita daga kayan, ina kike tsammani yake zuwa? Shi yaronki yake shaƙa. Ku je ku duba bayan durowar kaya."

Da muka dawo babansa ya ja durowar. Mama, bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har kafaɗata. Ya ce, "Ashe gona muke nomawa ba mu sani ba." Ni ban yi dariya ba.

Ba ina neman wanke kaina ba ne, amma ke kika koya mini ajiye takarda. Wasiƙar da kika haɗo da ƙarfen nan lokacin da na haihu tana hannuna. Kin rubuta: "Na zo na tarar kin jera tufafinki na ciki da nafkin ɗin yaro a barandar bene, kowa na kallo daga titi. Wannan ba tarbiyyata ba ce. Ki riƙa shanya a ɗaki, ki rufe taga kada iska ta kama yaro." Ban taɓa saɓa miki ba ko sau ɗaya.

Yanzu mun wanke bangon, mun mayar da yaro falo, ƙarfen kuma ya koma baranda. Likita ta ce in ya yi wata guda bai shaƙe ba, to mun gano bakin zaren. Ki yi haƙuri da barandar.

'Yarki, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Wasiƙarki ta kwana biyu a ƙarƙashin matashina kafin na iya ɗaukar biro.

Da farko raina ya ɓaci. Na ce wato yarinyar nan ta fara karanto mini rubutuna kamar muna gaban alƙali. Na kai wa yayarki ƙara, sai ta ce, "Mama, ke kika ce a ajiye, ita kuma ta ajiye. Wa za mu kama?" Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Da na zauna ni kaɗai sai na tuna cewa ku bakwai ɗin da nake alfahari da ku, a tsakar gida na yi muku shanya, igiya daga bango zuwa bango, rana na dukan ta. Ban taɓa zama a bene ba, ban san yadda ɗakin da ba ya shan iska yake riƙe danshi ba. Na ba ki umarni a kan abin da ban sani ba, kuma yaro ne ya sha wahalarsa. Sakacin da na ɗora miki na janye shi.

Sai dai ke ma ki ji naki. Biyayya ba ta hana mutum amfani da hancinsa. Ɗaki yana warin danshi wata da watanni, ya kamata ki ce, "Mama, abin nan bai yi ba." Da na yi faɗa, amma da na ji.

Ga labule nan na ɗinka da yadi mai shara-shara, iska na ratsa shi, ido ba ya ratsawa. Ki ɗaura shi a ƙarfen da ya kewaye baranda. Ki matse kaya sosai, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, masu kauri a sandunan gefe. In ruwan sama ya kore ki ciki, to falo, taga a buɗe, yaro a nesa. In sun bushe ki naɗe ƙarfen ki jingine shi, kada angona ya maƙale yatsa.

Ina ƙirga kwanakin watan nan tare da ku.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga Mama,

Ina gaisuwa. Yau kwana talatin da huɗu, ko tari ɗaya bai yi ba. Likita ta saurari ƙirjinsa ta ce tas yake. Labulen ya yi daidai, har maƙwabciyata ta tambayi wa ya ɗinka.

Mama, yaya ta ce ke ma kin sayi irin ƙarfen nan tun da ƙafa ta hana ki zuwa igiya. A ina kike buɗe shi?

'Yarki, Auta.

*

Auta,

Alhamdulillahi, na yi sujadar godiya.

A ɗakina nake buɗe shi. Na sa an ja durowata. Ba sai na faɗa miki abin da aka gani ba. Ƙarfen yana bakin ƙofa yanzu, tarin da nake cewa na tsufa ne kuma ya fara sakina.

Waccan tsohuwar wasiƙar ki yaga ta. Wannan ki ajiye.

Mahaifiyarki.