Ni Na Kai Masa Damon, Ni Kuma Na Kunna Masa Wutar

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. A sakaya sunana, don wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna cikin gurup ɗin nan, jiya ma tare muka sha shayi. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'ar nan, in ta wuce shawarar ba ta da sauran amfani.

Ni mazaunin Madina ne, iyayena Hausawan Sudan ne, ina da ɗan gareji na gyaran esin mota a Harra ta Yamma. Ba ni da boko, ba ni da karatun addini mai zurfi, abin alfaharina ɗaya ne a duniya, sanin daji, wanda a nan muke ce wa barr. Tun ina saurayi nake fita, ga shi yanzu furfura ta cika mini gemu. Muna da ƙungiya ta abokai, na Kano, na Damagaram, na Chadi, duk ƙarshen mako mu loda tanti da jarkokin ruwa mu kama hanyar Khaibar. In mota ta kafe a rairayi ni ake kira, in hanya ta ɓace ni ake kallo. Kawu suke ce mini, har da waɗanda suka girme ni.

Mu masu fita barr muna da abin dariya guda, jaruman nan na talabijin da ake nunawa wai an jefar da su a daji ba ruwa ba abinci. Mutum ya ci tsutsa yana yamutsa fuska, ya matse ciyawa a baki, a gida ana ta salati. Tambayata kullum ita ce, shi mai riƙe da kyamarar me yake ci? Kuma yaya mutum zai kwana uku a rana rigarsa ba gishirin gumi, leɓensa sumul? Duk wanda ya taɓa yini a harra, baƙaƙen duwatsun nan masu yanka takalmi, ya san ƙarya in ya gan ta. Shekara da shekaru ina sa mutane dariya da wannan, kuma a wurinmu babu zagi mafi zafi kamar a ce da mutum ɗan talabijin.

Sai ga wani da zan kira Nura. Ɗalibi ne daga Najeriya, yana karatu a jami'a, ɗan liman ne a garinsu. Ya kawo motar abokinsa gyara, ya ga tanti a gareji, ya roƙi in tafi da shi. Ranar farko da silifas ya zo, ya kuma kafa tantinsa a tsakiyar kwari, daidai inda ruwa ke bi in an yi sama. Ni na koya masa komai, yadda ake gane ramin damo mai rai da wanda maciji ya gada, inda ake tona a gwiwar kwari a sami danshi, yadda ake hura wuta iska na kaɗawa. Yana da kai, ba zan ci masa wannan ba, ga baki, ga fuskar da hoto ke so. Ya fara ɗaukar bidiyo da waya, can sai wata tashar talabijin ta Hausa a Najeriya ta karɓi shirin, na yadda mutum zai rayu shi kaɗai a sahara.

Da fari ban ji komai ba, har taimaka masa nake. Matsalarsa ita ce yana da lakca kullum kuma ba shi da mota, ina zai sami kwana uku a Khaibar? Sai ya samo wani wuri a bayan dutsen Uhudu, in ka wuce gidaje, duwatsu ne da 'yan itatuwan ƙaya, in kyamara ta kalli gefe ɗaya sai ka rantse ƙarshen duniya ne. Damon da za a nuna a shirin ni na kamo masa, can nesa a hanyar Khaibar, na kawo shi a buhu. Itacen gashi ma busasshe ne, a bayan motata ya zo. Muka cusa damon a wani tsohon rami, Nura ya shafa ƙasa a fuska, ya yi ta haki, ya zura hannu ya zaro shi, ya yanka ya gasa. Sau uku muka maimaita zarowar, don duk wutsiyar ta motsa sai ya saki ya yi baya. Mai riƙe da kyamarar ni ne, ranar na sami amsar tambayata, mandi yake ci, shinkafa da naman rago, don daga nan gidan abinci muka zarce. Kafin la'asar kowa na ɗakinsa. A talabijin kuwa aka rubuta a ƙasa, Harrar Khaibar, kwana na uku.

Wannan kashin shi ya ɗaga shi. Sababbin mutane suka fara biyo mu fita, 'yan gayu da takalman hawan dutse masu tsada, kowa na neman hoto da Malam Nura. Wata Asabar ina jera itace zan hura wuta, wani daga cikinsu ya tsaya a kaina ya ce ba haka ake yi ba, ba haka Malam Nura yake yi a talabijin ba. Nura na zaune yana ji, ya yi murmushi kawai ya ci gaba da danna waya. Na hura wutata. Bayan mako biyu aka yi hira da shi a tashar, aka tambaye shi a ina ya koyi daji, ya buɗe baki ya ce gado ne, kakansa mafarauci ne. Kakan da shi da kansa ya gaya mini dillalin atamfa ne a kasuwa! Na kalli hirar har ƙarshe ina jiran ko sau ɗaya a ce Kawu, ba a ce ba. Wallahi na ji zafi, zafin da ban taɓa ji ba ko ranar da aka kore ni daga aikina na farko.

To ga abin da na sani shi bai sani ba. Kamar yawancin baƙi, Nura ya ɗauka in ka zagaya bayan Uhudu ka fita daga haramin Madina. Ba haka ba ne, akwai wani ɗan jan dutse can gaba, shi ne iyaka, kuma inda muka ɗauki shirin yana ciki. Kowa ya san ba a farauta a harami, ba a sare itace. Ranar ɗauka ban damu ba tunda ba farauta aka yi ba, wasan kwaikwayo ne. Amma da na zauna da haushina na sake kallon bidiyon, sai na ga kan jan dutsen nan ya leƙo a bayan kafaɗarsa, na ɗan lokaci kaɗan, daidai yana riƙe da damon. Na tsayar, na ɗauki hoto, na zagaye dutsen da jan layi. Da wata lamba da ba a san ni da ita ba na tura a gurup ɗin masu fita barr da na ɗalibai. Ban zage shi ba, ban ma ambaci sunansa ba, tambaya kawai na yi cikin ladabi, malamai mene ne hukuncin ɗalibin ilimi da ya yi farauta a cikin haramin Manzon Allah?

Na san abin da nake yi, kar wani ya ce kuskure ne. Na rufe masa ƙofa biyu ne lokaci ɗaya. In ya nace Khaibar ne, ga dutse na ƙaryata shi. In ya ce kawo masa damon aka yi, to ya yarda da bakinsa cewa shirin duka shiri ne, shi ɗan talabijin ne kamar sauran. In ya yi shiru, ya zama wanda ya keta alfarmar Madina don a tafa masa.

Shirun ya zaɓa, jama'a kuwa ba su yi shiru ba. Kafin kwana biyu hoton ya isa Najeriya. Masu wa'azi a waya suka samu abin yi, ana ta jero hadisan tsinuwa a ƙarƙashin hotonsa. 'Yan gayun da ke neman hoto da shi su suka fara goge nasu. A ɗakin kwanan ɗalibai aka sa masa suna Sarkin Dawa, wani ya rataye masa ƙadangaren roba a ƙofa. Tashar ta dakatar da shirin. Mahaifinsa ya daina ɗaukar wayarsa, an ce a masallacin da yake limanci aka nuna masa hoton bayan sallah, a gaban mamu. Ni kuwa na ji daɗi, gaskiyar ke nan, na yi barci mai kyau a makon. Da muka fita Asabar ɗin ba shi, ni na fi kowa iya kwaikwayon hakinsa, har na ce mutumin da ke tsoron wutsiyar damo ina ya ga ƙarfin halin saɓo, aka yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Babu wanda ya tambaye ni yaya aka yi na san yana tsoron wutsiya. Aka dawo ana cewa Kawu ne na gaskiya, ai dama Kawu ya sha faɗa.

Inda abin ya wuce lissafina shi ne karatunsa. Bana yake gamawa, yana neman ci gaba, kuma sai da tazkiyya, wato takardar shaidar hali daga malamansa. Babban malamin da ya yi masa alkawarinta, wani dattijo ɗan ƙasarsu da zan kira Dakta, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya tabbatar da gaskiyar magana. In babu takardar nan Nura zai tattara ya koma gida, da wannan sunan a kansa, garin da ubansa ke jan sallah.

Litinin bayan azahar ina kwance ƙarƙashin wata mota sai na ga ƙafafuwa, na fito na ga Nura ne. Ya rame, leɓensa a tsage, karo na farko da ya yi kama da wanda ya kwana uku a harra. Na ce a raina shi ke nan ya gano. Sai ya ja ni gefe ya rage murya.

"Kawu, na zo ne in ce kar ka damu. Wallahi ko me za a yi ba zan ce kai ka kamo damon ba. Ka san ba ka da takardar farauta, in magana ta yi nisa iƙamar zamanka a ƙasar nan ce a ciki, ga iyali, ga gareji. Halas, magana ta ƙare, mushkilar tawa ce, ni na jawo."

Na ce masa Allah ya kyauta. Ya ce ya san ya yi mini laifi a hirar nan, tashar ce ta ce labarin kaka ya fi daɗi, shi kuma ya biye musu, in yafe masa. Ya ce duk garin nan ni kaɗai ne ban juya masa baya ba. Har ya nuna mini lambar da ta tura hoton ya ce ko na santa, alhali wayar da lambar ke kai tana cikin durowar da ya jingina da ita. Na duba lambar da kyau, na girgiza kai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko a lokacin zuciyata biyu ce. Ɗaya ta ji kunya, ɗaya tana cewa sai yanzu ka san Kawu, da ana tafa maka ina ka ajiye ni? Kuma har gobe ina ganin ya yaudari mutane, akwai wanda zai kalli shirin nan ya ɗauka shiga harra wasa ne, ya tafi ya halaka. Sai dai ni ma da hannuna a yaudarar, kuma laifin da ake tsine masa a kai ba shi ne wanda ya yi ba, ni kaɗai na san haka bayan shi.

Jiya da safe Dakta ya kira ni da kansa. Ya ce Juma'a bayan la'asar za su zauna a gidansa da wasu dattawa, suna son wanda ya san ƙasa ya dubi hoton ya faɗa musu, wurin nan cikin harami yake ko waje, a kan maganata zai yanke. Na tambaye shi wa ya ba shi sunana. Ya ce, "Shi Nuran ne. Ya ce duk Madina ba wanda ya fi ka sanin barr, kuma ba ka ƙarya."

To jama'a ga inda nake. In na je na ce ciki ne na ja bakina, ban yi ƙarya ba ko ta kalma ɗaya, kuma ya gama yawo. In na ce waje ne, na yi shaidar zur a kan haramin Annabi, kuma akwai masu ido da za su kama ni. In na faɗi duka, cewa ni na kamo damon daga waje na sa a rami, to na wanke shi daga farauta, amma na tabbatar shirinsa ƙarya ne, na jefa iƙamata a hatsari, kuma Kawun da ya shekara yana zagin 'yan talabijin ya zama mai riƙe musu kyamara. Sannan maganar hoton fa, in na faɗi na damo dole ne sai na faɗi ita ma, ko zan iya wanke shi in bar waccan tsakanina da Allah?

Masu zagi ku zaga, na san na cancanta, amma bayan zagin a gaya mini abin da zan ce a gaban dattawan nan. Ɗazu Nura ya turo mini saƙo wai in biya in ɗauke shi ranar Juma'ar mu tafi tare, don ba ya son ya shiga gidan shi kaɗai. Na buɗe na karanta, har yanzu ban ba shi amsa ba.