Lambar Marbely

Chichigalpa, farkon yankan rake

Baban Marbely,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aikin ginin, yaya sanyin San José? Kana dai shan ruwa ko? Na san halinka, sai ka wuni ba ka kurɓa ba.

Albishirinka. Ma'aikatan lafiya sun je makarantarsu Marbely sun ɗibi jinin yara, sakamako ya fito. Kiriyatinin ɗinta, lambar nan ta gwajin ƙoda, bai ma kai ɗaya ba! Ni da na zauna da kai har kamfanin rake ya sallame ka saboda taka ta haura, ai ba sai an karanta mini ba. A garin nan ko mai sayar da tortiya, wainar masarar nan, ta san lambar da ake ɗaukar mutum yankan rake da ita. Mahaifiyarka ta yanka kaza, ta kunna kyandir a coci, tana ta tsokanar yarinyar wai gobe ta ɗauki adda ta tafi gona, tunda ta fi ubanta ƙoda.

An ce mu je León ganin likita, ban san na mene ne ba. Ƙafafuna sun gaji da wankau, amma za mu je.

Taka,
Yelba

*

Fermín,

Ina gaishe ka, ina fatan ciwon bayan ya yi sauƙi. Mu dai ga mu nan.

Mun je León. Likitar ta tsayar da Marbely jikin bango ta auna tsawonta, ta kama damtsenta da yatsu biyu. Na ce mata ai lambar mai kyau ce, da namiji ne da yau an ɗauke shi aiki. Ta ce, "Uwar Marbely, wannan mudun ƙarti ne kike auna yarinya da shi." Wai kiriyatinin daga tsoka yake fitowa. Ƙato mai yankan rake, lambar nan lafiya ce gare shi. Amma 'yar shekara takwas da ta rame kamar tsinke, rabin haka ya kamata a gani.

Kai, Fermín, sai da na nemi kujera. Ashe kazar nan a banza ta mutu.

Sun sake ɗibar jini don wani gwaji, sistatin, wanda babu ruwansa da tsoka ko rama. Sai an kai Managua. Mahaifiyarka ta ce likitoci sun iya neman ciwo inda babu, tana ta ɗura wa yarinyar ruwan tsamiya kamar yadda ta yi maka. Ban hana ta ba, ba ni da ƙarfin gardama.

Taka,
Yelba

*

Baban Marbely,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

Sistatin ya dawo, bakinsu ɗaya da likitar. Ƙodar Marbely rabin aiki take yi da 'yan kai. An ce idan aka kula za a iya riƙe abin da ya rage. An rage mata gishiri, an hana ta maganin ciwon jikin nan na kanti da wasa a tsakiyar rana. Na tambaya ta yaya, yarinyar da ba ta taɓa riƙe adda ba? Likitar ta ce su ma abin da suke bincike ke nan. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa.

Ban faɗa mata komai ba, amma ka san garin nan. Jiya da la'asar na aike ta sayo kankara, na bi ta da ido. Ka tuna bencin gindin mangwaro, inda waɗanda kamfani ya sallama suke zama suna tambayar juna lamba? Da ta zo wucewa, Don Cástulo ya ɗaga murya ya ce, "'Yar Fermín, taki nawa?" Ta faɗa masa da alfaharinta. Babu wanda ya yi dariya. Sai kawai ya gusa ya ba ta wuri, ita kuma ta zauna a cikinsu, ƙafafunta ko ƙasa ba su kai ba.

Ka zo gida, Fermín. Ban iya zuwa na taso ta ba.

Matarka,
Yelba