Tsohon saurayinta ya fi ni sanin kalar fatarta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan kamfaninmu a wannan guruf ɗin. Don Allah ku ba ni shawara, daga kafen intanet nake rubuto wannan, raina a jagule.

Ni ofaretan inji ne a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, bikina saura sati uku, yarinyar 'yar Panshekara ce. Kun san yanzu biki ba kalanda kamar miya ba gishiri ne, to sai abokina ya aro kyamarar dijital ya ɗauke mu a falon gidansu, ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan mai ruwan ɗorawa. Da muka buɗe hotunan a kwamfuta, farar shaddata ta koma kamar an jiƙa ta a shayi, ita kuma fuskarta ta yi jawur. Ta ce wallahi ba za a raba wa danginta wannan ba.

Duk wanda na tambaya sai ya ce in je Bompai, kamfanin da ke buga takardun jikin kwalaye, akwai mai gyaran hoto da hannunsa ke da kyau. Bari in kira shi Nura. Sai da na shiga na gane shi, shi ne ya fara nemanta lokacin da take aiki a kamfanin alewar da ke kusa da su, iyayensa suka ce ya dakata. Na so in juya, kunya ta hana ni.

Mutumin bai yi min komai ba, wannan ne ma ya fi ƙona min rai. Ya ba ni kujera, ya yi min murna, ya ce matsalar wayit balans ce kawai, wato kyamara ba ta gane fari a wannan hasken ba. Ya danna kan shaddata don kwamfuta ta san nan ne fari, nan take hoton ya washe. Sai ya ɗan ja wani abu gaba da baya, ya jera min guda uku, ya ce in zaɓi wanda ya yi daidai da ita. Jama'a, na ƙura ido har ya fara yaji, na nuna wanda ta fi haske. Sai ya ce a hankali, “Ta fi haka duhu kaɗan, wankan tarwaɗa ce,” ya taɓa na tsakiya.

Da na kai mata ukun ban faɗi komai ba, ta ɗora yatsa kan na tsakiya ta ce, “Yauwa, wannan ce ni.” Nan na hau faɗa, na ce dama har yanzu Nura yana ranta. Ta ce ita ba ta ma san wa ya gyara ba, ni na kai masa hotonta da ƙafata, kuma laifin wa ne in ban san kalar matar da zan aura ba? Tun ranar ba ta ɗaga wayata.

Na zauna na yi tunani, ni sai bayan magariba nake zuwa zance in na tashi aiki, kullum a ƙarƙashin wannan ƙwan nake ganinta. Shi kuwa da rana tsaka ya santa, a bakin get ɗin kamfaninsu. Kishi nake ji kamar in mutu, ba zan ɓoye muku ba.

Mai buga kalanda ya ce ranar Alhamis zai ɗora aiki. In na ba shi wanda na zaɓa, ta ce ba ita ba ce, kuma na san da gaskiyarta. In na ba shi na tsakiya, shekara guda zan yi ina tashi da safe ina kallon matata a bangon ɗakina yadda idon wani ya ganta. Wanne zan kai masa, 'yan uwa?