Ƙurjin da ke Gefen Hancin Baba

Gwaggo Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Damagaram? Yaya ƙafar taki, yaya Malam da yara? Mu nan Yamai lafiya lau, sai abu guda.

Ƙurjin nan na gefen hancin Baba ya kai wata bakwai bai warke ba. Kin san fatar zabiya irin tasa da rana, ga shi kullum yana cikin gonar shinkafarsa a Saga. Ranar Talata na aro wani madubi mai fitila daga asibitin da na fara aiki. Ɗora shi ake yi a kan fata a leƙa, yana ƙara girman abu, ba yanka, ba jini. Baba ya zauna ya kau da kai, ya ce wa Inna, "Tambayi yaron nan, kallon ya isa haka ko sai ya ƙirga gashin hancina?"

Gwaggo, na ga ƙananan jijiyoyin jini sun yi rassa kamar itace. Alamar sankarar fata ce, irin mai tafiya a hankali. Ba ta cika yaɗuwa ba, amma tana cin wurin, kuma ido na kusa. Tabbaci sai an gutsuri kaɗan an auna.

Ni ɗan fari ne. Ko sunana ba ya kama, ta yaya zan zaunar da shi in faɗa masa? Inna kuwa kuka za ta sa. Ga shi ya kira wanzami ya zo ran Juma'a ya ƙone wurin.

Ke kaɗai yake saurare. Don Allah ki kira shi kafin Juma'a.

Ki gaida Malam, ki sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Nasiru